Jarabar tayi ko zazzaɓin gwanjo: wane suna ya dace da wannan larura?

Tun makon jiya muke neman sunan Hausa ga abin da likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Jamus, Emil Kraepelin, ya bayyana a 1915 da sunan oniyomaniya, wato sayayyar da mutum ya kasa dainawa ko da yana ganin tana cinye shi. Wanda ya fi damunmu shi ne nau'in da ya yaɗu tun da aka buɗe eBay a 1995, inda ake taya kaya ta intanet har wa'adi ya cika, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "almubazzaranci". Ban goyi baya ba, domin kalmar hukunci ce, kuma duk wanda aka kira almubazzari wa'azi za a yi masa, ba wanda zai tuna da asibiti.

Wata malama ta kawo "zazzaɓin gwanjo", wanda yake da daɗin faɗa kuma ya yi daidai da yadda Turawa ke kiran zafin da ke kama mai tayi. Sai dai zazzaɓi yana sauka, wannan kuwa yana iya shekara bai saki mutum ba. Ban da haka, a nan Jos idan ka ce gwanjo, hankalin kowa kasuwar Katako zai tafi, inda ake fasa dilar riguna da barguna, sai a ɗauka kana nufin mai son tsofaffin kaya.

Ni "jarabar tayi" na zaɓa, kuma a gida na samo dalili. Ƙanena ya yi watanni yana tashi ƙarfe biyu na dare, waya a hannu, yana kallon daƙiƙu suna raguwa, yana ƙara dala biyar a kan tayin wani da bai taɓa gani ba. Ranar da muka buɗe durowarsa mun sami agogo huɗu a kwalayensu, ko ledar ba a yage ba. Ashe ba agogon yake so ba, kada a fi shi tayi ne. A kasuwa kana tayawa mai kaya ya ce albarka, ka juya ka tafi, ko kuma ya sallama maka. A dandalin tayi na intanet kuwa ba mai cewa albarka, kowane tayi karɓaɓɓe ne muddin ya ɗara na baya.

An ce "jaraba" tana da wata ma'ana da ba a so a faɗa gaban surukai. Gaskiya ne, amma Bahaushe yana cewa jarabar caca da jarabar taba ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba, kuma kusancin da caca shi ne ainihin abin da muke so sunan ya nuna.

Wanda yake ɓoye saƙon banki, yana cin bashi don ya biya abin da ya ci a tayi, yana nadama da safe ya koma da dare, shi ne sunan ya hau kansa. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022 ya ambaci wannan sayayya cikin larurorin kasa danne sha'awa. Irin wannan mutum yana iya zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, domin larurar kan zo tare da ciwon damuwa ko fargaba, kuma maganinta ya fi karkata ga zaman tattaunawa da ake gyara tunani da ɗabi'a. Ƙanena dai sai da ya rufe asusunsa, ya cire katin banki daga wayar, ya miƙa wa matarsa.

Saura kalma ɗaya: tayin da ake jefawa a daƙiƙar ƙarshe don kada abokin takara ya sami damar ramawa. Na rubuta "tayin kwanton ɓauna", amma ya yi mini tsawo. Wa ke da gajere?