Yaya kuke tafiyar da gida mai yara maza biyu masu galahanga?

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu, kuma likita ya tabbatar mana cewa mazan duka suna da lalurar galahanga, wato autism, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Babban yana da shekara 9, yana magana, amma yawanci abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Ƙaramin yana da shekara 5 kuma har yanzu bai furta kalma ba. Idan yana jin ƙishirwa sai ya kama hannuna ya ja ni har gaban randa. Lokacin da ya fi mana wuya shi ne tsakanin magariba da isha'i, domin da zarar an ɗauke wuta maƙwabta sun tayar da janareta, babban zai toshe kunnuwansa yana kururuwa, ƙaramin kuma ya shiga buga kansa da bango. Ƙaramin ba ya cin komai sai farar shinkafa da mai, idan miya ta taɓa ta kuwa ya ture kwanon. Surukata ta dage cewa shafar aljanu ce, yayarsu kuma ta fara cewa na daina kula da ita. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su ba ni shawara.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ku lada. Ɗana ya kai shekara 14, kuma abin da ya fi yi mana amfani shi ne tsayar da tsarin yini wanda ba ya sauyawa, domin irin waɗannan yara suna samun natsuwa ne idan sun san abin da zai biyo baya. Mun ɗaura komai a kan lokutan salla: wanka bayan la'asar, abinci kafin magariba, shimfiɗa bayan isha'i. Mahaifiyarsa ta ɗauki hoton bokitin wanka da kwanonsa da katifarsa, muka wanke hotunan muka jera a bango, kuma kafin a tashi daga wani abu zuwa wani sai a nuna masa a ba shi 'yan mintoci. Ga ƙaraminki da bai fara magana ba, irin waɗannan hotuna za su iya zame masa hanyar neman abin da yake so.

Game da janareta, kada ki jira sai an tayar. Tun kafin magariba ki shigar da su ƙuryar ɗakin da ya fi nisa da katangar maƙwabta, ki kunna fitila mai caji don kada duhu ya zo musu kwatsam, ki kuma gwada wa babban abin rufe kunne irin na masu aiki a masana'anta. Aski ma haka muka yi da shi: mai aski ne yake zuwa gida da almakashi, saboda ƙarar injin ce yaron ba ya iya jurewa. Ina kuma jaddada miki cewa idan akwai rijiya a gidan a yi mata murfi mai kwaɗo, a ɗaga sakatar ƙofar gida sama, domin yawancinsu ba sa gane haɗari kuma ruwa yana jan hankalinsu.

Malamar Jinya:
Maman Abba, buga kai da bango ba koyaushe ƙara ce take jawo shi ba. Yaron da ba ya magana ba shi da yadda zai ce haƙorinsa ko kunnensa yana ciwo, ko cikinsa ya ɗaure, wanda abu ne da ake yawan gani ga yaron da abincinsa iri ɗaya ne. A duba waɗannan tukuna. Idan kuma kin ga yana ƙurawa wuri ɗaya ido ya sandare na ɗan lokaci, ki gaya wa likita, domin farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu galahanga. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna suna da likitocin da za su iya duba su. Game da abincin ƙaramin kuwa, kada a yi masa ɗura. A ajiye ɗan cokali na wake ko ƙwai a wani kwano daban kusa da shinkafarsa, a maimaita kullum ba tare da tilastawa ba. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, an fi gano ta ga maza, gado yana da babban tasiri a cikinta, kuma allurar rigakafi ba ta haddasa ta.

Hajiya Kaka:
'Yata, ni kaka ce ga irin wannan yaro, kuma ina ganin bai kamata ki yi jayayya da surukarki ba, domin tsoro da ƙauna ne suke sa ta faɗin haka. Ki bar mijinki ya yi mata magana, sannan ku tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Addu'a da tofi babu mai hana su, amma duk wanda zai turara wa yaro hayaƙi mai shaƙewa, ko ya doke shi, ko ya ɗaure shi da sunan fitar da aljani, kada ku yarda ya taɓa muku 'ya'ya. Yarinyar kuwa kada a mayar da ita 'yar raino. Idan mazan sun yi barci ki zauna da ita ku biyu, ki yi mata kitso ko ki duba mata aikin makaranta, kuma ki bayyana mata lalurar ƙannenta da sunanta, don ta san abin da za ta ce idan yaran unguwa suka tambaye ta.