Shawarwarin malaman renon yara kan koyar da waƙa

Da malaman makarantun renon yara na Yamai suka tattauna, yawancinsu sun ce a fara horar da muryar malamar tukuna, don wadda ke jin kunyar rera waƙa ba za ta sa yara su buɗe baki ba. Waƙoƙin gaɗa sun fi shiga, da Hausa ko Zabarmanci, kafin na Faransanci: malama ta ba da baiti, yara su amsa suna tafi. An daɗe kan kayan kiɗa. Ƙwarya da aka kife cikin ruwa, ko gwangwanin tumatir da tsakuwa a ciki, sun wadatar. Wasu sun nemi a riƙa tura malamai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, shawarar da na fi so, sai dai ƴan ƙauye ta yi musu nisa.