Ni kaɗai hawaye ke zubo wa a jirgi, ko ina da 'yan uwa a nan?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi biyu gare ni. Ta farkon tana da nauyi a bakina, amma tunda ba a ganin fuska a nan, bari in faɗa.

Ni a Kantin Kwari nake, shagon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Tun ina firamare shi ke zuwa Guangzhou saro kaya, nawa aikin rakiya filin jirgin Malam Aminu da ɗauko shi in ya dawo. Bayan rasuwarsa Kawu ya ce ƙafarsa ba za ta ɗauki zaman jirgi ba, ni zan riƙa zuwa. Hanyar Baba na bi: Kano zuwa Addis Ababa awa huɗu da 'yan kai, a yada zango, sannan a kama doguwar, wajen awa goma cikin dare.

A doguwar nan abin ya same ni. An rage fitilu, kowa ya ƙudundune a bargo, na kunna wani shirin China da ƙanwata ta sa aka tura min a Farm Centre, irin na fada ɗin nan, mazan da aski rabin kai da kitso ɗaya har gadon baya. Aka nuno wani tsohon bafade ya rako ɗansa ƙofar gari za a tafi da shi yaƙi. Bai rungume shi ba, bai yi masa doguwar nasiha ba. Ɗamara kawai ya gyara masa, ya ce tafi. Wallahi ban ankara ba sai ji na yi gemuna ya jiƙe. Ni da aka yi zaman makoki ina karɓar gaisuwa idona a bushe, har ana cewa yaron nan akwai dauriya. Wani Alhaji ɗan Singa da ke kusa da ni ya miƙo min tishu bai ko waiwayo ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Har muka sauka Baiyun, filin jirgin Guangzhou, bai ɗago maganar ba. Allah ya saka masa.

Na sake kallon wurin a gida, ina kishingiɗe a falo, ko gezau. To me ke cikin jirgi? Akwai wanda hakan ta taɓa faruwa da shi?

Ta biyun mai sauƙi ce. Zan koma a watan Afrilu lokacin baje kolin Canton. Ƙanwar tawa yanzu ta koma karanta labaran nan da ake kulle mutane a wani wuri a ce su yi wasa, wanda ya faɗi ya mutu. Tana ta matsa min in ɗauka don hanya. Ya dace da wanda ke rataye tsakanin sama da ƙasa?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ji ƙan Alhaji, ya kyauta namu zuwan. Share hawayenka, ba kai kaɗai ba ne, mazan ne dai ba sa faɗa.

Ni nawa a jirgin alhazai ne. Akwai wata tsohuwa daga wajen Ɗambatta a gefena, ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba, gonarta ta gado ta sayar ta biya kujera. Da jirgi ya fara gudu zai ɗaga ta damƙe hannuna, sai da farcenta ya bar min shaida. Ban yi kuka a nan ba, dariya ma nake dannewa. Amma da aka sanar an kusa miƙati, jirgi gaba ɗaya ya ɗauki Labbaika, maza da mata, ita kuma tana yi muryarta na rawa tana kiran sunan mijinta da ya rasu bai samu zuwa ba, to nan fa na kasa. Mayafina sai da ya jiƙe sharkaf.

Maganar shirin China kuwa ka zo gidana. Tun muna kallon Indiya fassara har na gaji da rawa a kan duwatsu, yarana suka jona min na China, ban sake waiwaye ba. Abin da ya kama ni, kunyarsu irin tamu ce. Ɗa ba ya zama uba na tsaye, a durƙushe ake gaida uwar miji, mai so ba ya buɗe baki ya ce ina son ki sai an kai kashi na talatin. Ga kishi, kai! Matan sarki su yi ta murmushi suna miƙa wa juna shayi, kowacce da makircinta a hannun riga. Maigidana cewa yake darasi nake ɗauka, na ce masa ai ni tuni na sauke. Wannan tsohon da ya gyara ɗamara bai ce komai ba, ai irin iyayenmu ne sak, shi ya sa ya taɓa ka. Amma labarin a kashe wancan a bar wancan, ni dai ba da ni ba, bare a sama.

Nas Zee:

Yaya Ɗan Kwari, jikinka ma yana da hannu a ciki. Jirgi yana tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, iskar da ke ciki kuma ana daidaita ta ne ta yi kamar ta wurin da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke cewa tudu ce wajen mita 1,200 take. Wato awa goma kana zaune a inda ya fi Jos nisa sama, iskar oksijin da jininka ke samu ta ɗan ragu. Ga iskar a bushe ƙamas, laimarta ba ta cika kai kashi 20 cikin 100 ba. Ƙara da rashin barci, da agogon da ya rikice, don Guangzhou tana gabanmu da awa 7.

A ganina babban abin dai shi ne babu abin da zai ɗauke maka hankali. A Kwari ko minti biyar ba ka samu, wannan na taya yadi, wancan na kira a waya. A jirgi babu sabis, babu mai neman ka, babu inda za ka. Abin da ka danne tun ranar makoki a nan ya samu ƙofa. Ka riƙa shan ruwa sosai, ka rage shayi da kofi, ka tashi ka ɗan taka kowane awa biyu saboda jinin ƙafa. Kukan kuma ka bar shi ya fito, ba ciwo ba ne.

Baban Hanif:

Ni shawarata daban ce. Matafiyi addu'arsa karɓaɓɓiya ce, ga mahaifi a kabari yana jiran ta, sai a ƙare awa goma kan matan sarkin China? Ka yi addu'ar hawa abin hawa, ka yi ƙasarunka, ka buɗe Alƙur'ani a wayar nan taka. Ban ce kallo haramun ne ba, amma a san abin da za a fifita. Kuma wasu shirye-shiryen nasu cike suke da masu tashi sama da bautar gumaka, a kula da abin da yara ke gani.

Uwar Biyu:

Malam, an ji kuma an gode. Amma awa goma fa aka ce. Ya yi izu biyu, ya yi wa Alhaji addu'a, sauran awa takwas ɗin ya ƙura wa bayan kujera ido?

Sadiq na Hangzhou:

Ni karatu na yi a can, bari in ɗauki tambaya ta biyu tunda kowa ya tsallake ta.

Da farko a raba gari. Mutanenmu duk mai ƙananan idanu ɗan China ne a wurinsu. Shirin Squid Game da ya karaɗe duniya a 2021, mai 'yan wasa 456, na Koriya ta Kudu ne. Na China irin wanda ƙanwarka ke karantawa galibi rubutattu ne, a shafuka irin su Qidian da Jinjiang suke fitowa. Marubuci ya saki babi yau, gobe ya saki wani, na farkon kyauta, in ka kamu sai ka fara biya. Daidai da yadda marubutanmu mata ke yi a WhatsApp, a ba ki shafi goma ki lasa, sannan a ce tura kuɗi a sa ki a guruf. Bambancin kawai na can wani labarin sai ya haura babi dubu.

Kuma ba kisan ne daɗin abin ba, masu kallo daga nesa ne ke zaton haka. Ga yadda yake tafiya: mutane baƙin juna su farka a wani wuri a kulle, makarantar kwana, ko asibiti, ko jirgin ƙasa da ba ya tsayawa. A bango an manna dokoki. Kada a buɗe taga bayan ƙarfe goma sha biyu. In an kira sunanka sau ɗaya kada ka amsa. A cikin dokokin akwai ta ƙarya, ba a gaya maka wacce ba. Wanda ya tsira ya samu maki, a jefa shi wani wurin da ya fi wuya. Mai ƙarfi da yawan surutu shi ke fara tafiya. Wanda ke kaiwa ƙarshe shi ne mai lura, wanda ya ga agogon bango baya yake tafiya ya yi shiru da bakinsa har sai ya gane wa zai amince wa. Ka tuna tatsuniyar da sarki zai ce duk mai son 'yarsa sai ya faɗi sunanta, jarumai su yi ta faɗuwa, Gizo ya laɓe ya jiyo? To ita ce, an dai saka mata lantarki.

Ni ina ganin ya fi shirin fada dacewa da jirgi, musamman gare ka. Shirin fada zuciya yake nema, wannan kuwa kai yake sa wa aiki, kana lissafi har a kawo abincin safe ba ka sani ba. Sharaɗi ɗaya: ka tambayi ƙanwar taka ko akwai zagayen da aka yi a cikin jirgin sama, in akwai ka tsallake shi. Ba ka son kana karanta dokar kada a kalli ma'aikaciyar jirgi a ido, ga ta nan ta turo keken shayi.

Wani abin kuma, fadar da ka gani a shirin da wuya in ta Beijing ce. Yawancinsu a Hengdian ake ɗauka, cikin lardin Zhejiang, inda aka gina kwafin fadar sarakunan musamman don fim. Ba ta da nisa da Yiwu, in sari ya kai ka can kana iya leƙawa, ana sayar da tikitin shiga.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai. Hajiya, amin, Allah ya bar zumunci. Malam, nasiharka ta shiga, izu biyun da Hajiya ta yanka min zan fara da su kafin komai. Malam Sadiq ka saye ni, na ce wa yarinyar ta haɗo min. Sai dai Turancina na kasuwa ne, ina fatan ba za a sha wuya ba. Kuma a can zan iya ci gaba da saukewa ko sai na gama komai daga nan?

Sadiq na Hangzhou:

Fassarar da ake yi musu Turanci ne mai sauƙi, wanda ya iya ciniki da 'yan unguwar Xiaobei ta Guangzhou ba zai gagare shi ba. Amma ka sauke komai tun daga Kano. Da layin can Google da YouTube da WhatsApp da Facebook duk ba sa buɗewa, WeChat ne ke aiki, ka tabbatar Kawu ma yana da shi a wayarsa. Sannan ka duba fawa bankinka. Tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar, ya hau jiragen cikin gida a China, kuma da yawan waɗanda ake sayarwa a nan ba su da shi. In daga Guangzhou za ka hau wani jirgin zuwa Yiwu, gara ka sayi sabo a can. Kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba.