Man da muka haɗa da yarana yana yin tsaki-tsaki

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah mai sani ta taimaka min.

Tun shigowar hunturu leɓen yarana ke tsagewa, ƙafa kuma duk kaushi, sai na ce bari mu haɗa man shafawa a gida. Babbar shekararta 6, ƙaninta 4. Ni nake narkarwa a kwano bisa ruwan zafi, ba na barin su kusa da wuta. Nasu aunawa ne da juyawa in ya huce.

Cokali 4 na man kaɗanya, 2 na man kwakwa, 1 na kakin zuma. Ranar farko sumul yake. Bayan kwana 3 sai ya fito da ƙananan gudaji kamar tsaki, sai an murza sosai suke narkewa. Na tace da ƙyalle, na sayo wani man kaɗanyar, duk haka.

Zafin ne ya yi yawa, ko barinsa da nake yi ya daskare a ɗaki? In na sa a firji zai gyaru? Wanda ya riga ya yi tsakin fa, zan iya sake narkar da shi in shafa wa ƙaramin? Yarinyar har kuka ta yi, wai ita ta ɓata.