Wutar cek da lambar P0113, wa ya taɓa fama da sensar zafin iska?

Mai Corolla, Jidda: Slm 'yan uwa. An canza min filtar iska a wata warsha, wato gareji, tun daga nan wutar cek (wutar gargaɗin matsalar inji) ta kama, da aka jona kwamfuta sai ta kawo P0113, yaron ya ce wai sensar zafin iska, mai auna zafin iskar da ke shiga inji, ce ta mutu sai an sayi sabuwa. Motar dai tana tafiya amma shan mai ya ɗan ƙaru. Wanda ya taɓa gani ya taimaka kafin in zubar da riyaloli.

Direban Umara, Makka: Wslm. Malam kar ka sayi komai tukuna, buɗe bonet ka duba soket ɗin da ke jikin bututun iska bayan akwatin filta. Irinta ta same ni sak a Camry, ashe sun zare soket don su ji daɗin buɗe akwatin, da za su mayar ba su danna ya yi ƙas ba. Yatsa kawai na sa. Aka goge lambar, shiru kake ji har yau.

Mai Wayarin, Sana'iyya: Gaskiyar Alhaji ne. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne lambar nan ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi layin yana da matsala, layi kuwa ya haɗa da waya da soket da ita sensar. P0113 yawanci yankewa ce, shi ya sa in ka kalli kwamfutar za ka ga tana cewa zafin iska -40, a Jidda fa, inda ko tsakar dare gumi muke. P0112 kuma akasin haka ce, waya ta taɓa bodi, a Toyota sai ka ga 140. In ka ga ɗayan biyun nan fara bin waya.
Ita kanta sensar gwajinta ba wuya, zare ta ka sa mitar gwajin waya a om (ma'aunin turjiyar lantarki), a zafin digiri 20 irin na Toyota wajen om 2000 zuwa 3000 take bayarwa, ka hura mata iska mai zafi da abin busar da gashi dole lambar ta riƙa sauka a hankali, in ta tsaya cak ko tana tsalle-tsalle toh nan ne ka ce ta tafi. Sannan ka kunna makulli ba tare da tada inji ba ka auna soket, wajen volt 5 ya kamata ka samu. Wlh mafi yawan motocin da ake kawo min waya ce, wata ɓera ya ci, wata zafi ya busar da robar ta tsage.

Ɗan Katsina, Riyad: Ni tawa P0111 ce, ƙura ce ta lulluɓe ta bayan guguwar yashi. Maganin fesawa na sensar iska na sa, ba na kafireto ba don Allah, kuma kar a taɓa 'yan siraran wayoyin ciki da hannu.

Mai Corolla, Jidda: Oga na duba ɗazu a zahama (cunkoson motoci) kwamfutar ta nuna digiri 60 da wani abu, wannan ma matsala ce?

Mai Wayarin, Sana'iyya: In ta fara nuna 60 ai layin ya dawo kenan, ƙila soket ke rawa. 60 a tsaye cikin zahama da rani ba komai ba ne, zafin inji ne ke dafa bututun, kana hawa titi za ta sauko. Gwajin da na fi yarda da shi na asuba ne, mota ta kwana ba a tada ta ba, zafin iska da zafin ruwan inji su zo kusan ɗaya.

Baban Yara, Madina: A ƙara da cewa ba kowace mota ce take a bututu ba, Accent ɗina tana haɗe da sensar da ke kan manifol, na ga mai neman ta wajen filta har ya gaji. Kuma in ta kama sai an saya, a tafi da mita tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, a gwada a gabansu kafin a biya.