Pride: girman kai ko alfahari?

1/ Malaman Hausa, ku zo ku raba mana gardama. Ina fassara labari kan macin da 'yan luwaɗi da 'yan maɗigon Amurka ke yi duk watan Yuni, sai kalmar Pride, sunan da suke kiran macin da shi, ta tsaya mini a wuya. Abokin aikina ya rubuta "girman kai". Na ce sam.

2/ Sai an duba inda kalmar ta samo tushe. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan umarnin da aka riƙa korarsu da shi daga aikin gwamnati. Frank Kameny, masanin taurari, haka ya rasa aikinsa a 1957. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuwa sai a 1973 ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka.

3/ Ran 28 ga Yuni 1969, cikin dare, 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a New York, inda 'yan luwaɗi ke taruwa. An saba da hakan: a jera mutane, a duba katin shaida, a cusa wasu a mota, sauran kowa ya kama gabansa. Ranar sai suka ƙi watsewa, aka yi ta jifa da kwalabe da sulalla, rikici ya ɗauki kwanaki. Da shekara ta zagayo suka yi maci da rana tsaka har Central Park.

4/ Kenan nufinsu shi ne "mun daina sunkuyar da kai". Girman kai kuwa raina wani ne. Taƙama ta fi kama da yanga, tinƙaho kuma da cika baki.

5/ Wani ya ce in sa "rashin kunya". Yallaɓai, wannan ai hukunci ne, ba fassara ba. Mai fassara abin da mai magana ya ce yake isarwa, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba. Sannan kunyar da muke yabon yaro da ita daban take da wadda suke nufi. Tasu ta fi kusa da tozarci.

6/ Na tsaya kan "alfahari", irin wanda uba ke yi da ɗansa. A 1999 Shugaba Bill Clinton ya ayyana Yuni a hukumance a matsayin watan Pride, don haka na rubuta "Watan Alfahari". Amma a ambaton farko ina ƙara "na masu neman jinsi ɗaya", kada mai karatu ya zaci bikin ƙasa ne.