Neman shawara: ta yaya zan gane irin sautin iyafis da kunnena yake so?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti a cikinmu. Ina so in sayi iyafis mai waya, irin wanda ake cusawa cikin kunne da 'yar robarsa, amma har yanzu na kasa gane abin da kunnena yake so. Akwai guda biyu a hannuna, ɗaya nawa, ɗayan na ƙanena ne ya ara mini. Nawa yana da bes sosai, wato sauti mai kauri na ƙasa, kiɗa yana cika kai, amma idan na kunna karatun Alƙur'ani ko tafsiri sai muryar mai karatu ta dusashe, ta yi nisa. Na ƙanena kuwa murya tana fitowa tas, har jan numfashin mai karatu ina ji, sai dai haruffan sin da shin suna sukar kunnena, kuma kiɗa ba shi da nauyi ko kaɗan.

Na kalli masu bita a YouTube, wannan ya ce Moondrop Chu, wancan ya ce 7Hz Salnotes Zero, wani ya ce KZ, kowa yana rantsuwa da nasa. Abin da na fi saurare shi ne karatu, tafsiri, labarai, sai kiɗan gargajiya mai kalangu da kukuma. Yawanci a cikin adaidaita sahu nake ji, ko a shago. Don Allah ta ina zan fara?

Mai gyaran waya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka yanke wa kowannensu hukunci, duba robar tukuna. Yawancin waɗanda suke zuwa wurina suna cewa iyafis ba shi da bes, roba ce ba ta kama kunnensu ba. Wannan nau'in ba ya aiki daidai sai ya toshe ramin kunne ruf. Iska ta samu kafa ko ƙanƙanuwa, bes ya tsere, a bar ka da kaifin sauti kawai.

Gwajin ba wuya. Kunna kiɗa a na ƙanen naka, sannan ka ɗan danna shi ciki da yatsa a hankali. Idan ka ji bes ya taso lokacin da kake dannawa, ya ɓace da ka saki, to robar ta yi maka ƙanƙanta. Yawanci ana sako girma uku a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba. Gwada su duka, kuma kada ka ɗauka dole kunnuwanka biyu girmansu ɗaya ne, akwai mai sa babba a dama, matsakaiciya a hagu. Lokacin sakawa, ka ɗaga ɗayan hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama kaɗan, ramin zai miƙe, robar ta zauna. Alamar ta zauna ita ce idan ka yi magana za ka ji muryarka tana amo a cikin kanka.

Naka mai dusashshiyar murya kuma, cire robar ka duba 'yar ragar da ke bakinsa. Dattin kunne yana toshe ta, kuma kaifin sauti ne ke fara tafiya. Juya bakin ƙasa ka goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kada ka sa allura.

Mai aikin haɗa sauti a situdiyo:

Malam mai gyara ya faɗi matakin farko, kuma gaskiya ya faɗa. Ni zan ɗora daga nan, don abin da ka bayyana ya nuna kunnenka ya riga ya san abin da ba ya so, saura kawai ka san inda yake zaune.

Sautin da ɗan Adam ke ji yana tsakanin Hz 20 zuwa 20,000; Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi. Bes mai girgiza ƙirji yana can ƙasa da 100. Daga wajen 150 zuwa 300 nan ne kaurin sauti yake, kuma idan ya yi yawa shi ne ke hawa kan murya ya rufe ta. Ina kyautata zaton abin da ke damun naka ke nan. Fitowar murya sarai tana wajen 1,000 zuwa 4,000. Ramin kunne da kansa yana ƙarfafa sauti a kusa da 3,000, kuma da yake iyafis yana toshe ramin, dole masu ƙera shi su mayar da wannan ƙarin da kansu. Wani kamfani ya zuba da yawa, wani ya rage. Sukar da sin da shin ke yi maka kuwa tana tsakanin 5,000 da 8,000.

Yanzu batun kwatantawa. Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙarfin murya. Wanda ya fi ƙara, ko da kaɗan ne, shi kunne zai ce ya fi daɗi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama bes da kaifi yadda yake kama tsakiya, shi ya sa ƙara murya ke sa komai ya ji kamar ya cika. Iyafis biyu kuma ba sa ba da ƙara ɗaya a mataki ɗaya na waya. Don haka kafin ka kwatanta, kunna maganar mai karanta labarai, ka daidaita har muryarsa ta zama ƙarfi ɗaya a duka biyun, ka riƙe matakin kowanne a ranka.

Sannan ka zaɓi gajerun gaɓoɓi daga abubuwan da ka san su ciki da waje, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 30, domin kunne ba ya daɗewa yana riƙe ainihin yadda sauti yake. Ɗauki wurin da sin da sad suka yi yawa a karatu. Ɗauki wurin da makaɗi ke matse kalangu a hammata muryar gangar tana hawa tana sauka: a iyafis mai kyau za ka bi wannan hawa da saukar, ka kuma ji bugun makaɗin a kan fata daban, a mai kaurin da ya wuce kima duk sai su haɗe su zama gunji ɗaya. Kukuma kuma ita ce za ta tona asirin mai tsananin 3,000, don sai ka ji tana yanka kunne. Duk lokacin da ka sauya iyafis, abu ɗaya kawai za ka saurara. Kada ka tambayi kanka wanne ya fi daɗi, tambayi kanka a wanne ne kalangun ya fi fitowa.

Hanyar da na fi so kuma ba ta cin ko sisi. Sauke manhajar ikwalaiza, wato mai ba ka damar ƙara ko rage kowane sashe na sauti, kamar Wavelet ko Poweramp Equalizer idan Android kake riƙewa. A naka, rage wajen 250 da desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) ka ji ko murya ta matso. A na ƙanenka, rage wajen 6,000 zuwa 8,000 ka ji ko sukar ta lafa. Madanni ɗaya za ka taɓa a lokaci guda. Idan ka kai inda ka daina son taɓa komai, dubi yadda madannan suka tsaya, wannan shi ne zanen abin da kake so, da shi za ka je kasuwa.

Ɗalibin injiniya:

Yallaɓai mai situdiyo, Allah ya ƙara basira. Ƙarin bayani kaɗan ga mai tambaya, don ya san saɓanin masu bita ba ƙarya ba ce. Kamfanin Harman, wanda Samsung ta saya a 2017, ya yi shekaru yana bincike a ƙarƙashin Sean Olive kan irin sautin da mutane suka fi so, ana gwada su ba tare da sun ga sunan abin da suke ji ba. Daga nan aka fitar da ma'aunin da ake kira na Harman. A wani bincikensu na 2019 kan manyan na'urorin da ke rufe kunne, kimanin kashi 64 cikin 100 sun gamsu da ma'aunin yadda yake, kashi 15 sun fi son ƙarin bes, kashi 21 kuma sun fi son a rage shi. Ka ga fiye da mutum ɗaya cikin uku ba ya tare da mafi rinjaye. Idan ka gano inda kake, shafin Squiglink yana da zanen awon iyafis masu yawa, za ka iya ɗora biyu a kan juna ka ga bambancinsu. Amma sama da 8,000 kada ka dogara da zanen sosai, don zurfin da robar ta shiga kunnenka yana sauya wurin.

Dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo:

'Ya'yana, duk na karanta, kuma na ƙaru. Amma ni ban yarda a tsaya ga gwajin daƙiƙa 30 ba. Wannan yana nuna maka bambanci ne kawai, ba ya nuna maka wanda za ka iya zama da shi. Sauti kamar yaji yake a miya: lomar farko mai yawan barkono ce ke burge harshe, amma ba ita ake iya cinye kwano da ita ba. Mai yawan bes da yawan kaifi shi ne ke cin gasa a bakin shago, mai natsuwa kuma sai an kai ƙarshen tafsiri ake sanin darajarsa.

Yaro, ka ware yini guda ga ɗaya, wani yinin ga ɗayan, kada ka sauya a tsakani. Ka lura da hannunka. Idan yana yawan zuwa rage murya, akwai abin da ke sukarka. Idan yana yawan zuwa ƙarawa, akwai abin da kake nema ba ka samu ba, galibi muryar mai karatu ce. Kuma ka gwada a inda kake rayuwa. Rugugin injin adaidaita sauti ne na ƙasa, yana cinye bes, don haka abin da ya yi maka daidai a ɗaki da dare zai iya yi maka fayau a kan titi. Kada kuma ka ɗauki zaɓina ko na tsaranka a matsayin ma'auni. Jin kaifin sauti yana raguwa da shekaru, abin da ni nake ji daidai wataƙila kai ya soke ka.

Ma'aikaciyar jinya:

Baba ya taɓo inda nake so in yi magana. Ƙanena, mai sauraro a cikin hayaniya shi ne ya fi shiga haɗari, saboda yana ƙara murya don ya rinjayi ƙarar titi ba tare da ya sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Don haka iyafis da ke toshe hayaniya da kyau kariya ce, ba daɗin ji kawai ba. Idan ka cire ka ji kunnenka yana ƙara ko ya yi dum, ka wuce iyaka, kuma idan abin ya ƙi tafiya ka je asibiti a duba. Sannan tunda aro kuke yi tsakaninku, a cire robar a wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi gwajin Malam mai gyara: da na sa babbar roba a na ƙanena, bes ya fito, sukar ma ta ragu, amma ba ta tafi duka ba sai da na rage wajen 8,000 a ikwalaiza. A nawa kuma rage 250 ya dawo da murya. Da alama abin da nake so shi ne murya a gaba, bes madaidaici, kaifi mai laushi. To a cikin masu sauƙin kuɗi wanne ya fi kusa da haka?

Mai aikin haɗa sauti a situdiyo:

Madalla, yanzu ana iya ba ka amsa. Moondrop Chu na farko da 7Hz Salnotes Zero duk sun fito a 2022 a kan kusan dala 20, kuma duka biyun murya suke sawa a gaba, bes ɗinsu ba ya hawa kanta. Chu na farko ya fi karkata ga kaifi, kuma wayarsa ba ta cirewa. Chu II ya zo da ƙarin bes da waya mai cirewa. Tangzu Wan'er shi ma a irin wannan farashin ya fito, ya ɗan fi Zero kauri da laushi a sama, don haka da bayanin da ka yi, shi da Zero zan ce ka sa a gaba. Yawancin sanannun KZ irin su ZSN Pro suna ɗaga bes da kaifi tare, masu son kiɗan zamani suna jin daɗinsu, amma ba inda kai ka dosa ba ne.

Mai gyaran waya:

Ni dai a kan waya mai cirewa zan tsaya, ɗan'uwa, don waya ce ke fara mutuwa, kuma gara ka sauya ta ita kaɗai. Idan wayar salularka ba ta da ramin iyafis, nemi mahaɗar USB-C mai na'urar sarrafa sauti a cikinta, don wasu wayoyin ba sa aiki da wadda babu. Irin waɗannan sunayen ba kowane shago ke ajiye su ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet, don haka ka tambayi sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka kuma duba cewa dillalin na gaske ne saboda jabu. Idan kuma ka samu mai su a kasuwannin waya na Farm Centre ko Beirut Road a Kano ya yarda ka gwada, tafi da robarka da ta kama kunnenka da gaɓoɓin nan naka a waya, ka ce masa da naka za ka gwada, ba da kiɗan shago ba.